Kawun Jannatu

Tambayar da ta kai Bilal gidan yari ba wata mai wuya ba ce. Ɗan sintiri ne ya tare babur ɗinsa a shingen da ke daf da shiga Maigatari, ranar Alhamis, jama'a na ta kwararowa kasuwa, ya dubi yarinyar da ke zaune a kan tanki tana sharɓar kuka, ya ce, "Malam, 'yarka ce?"

Bilal ya ce a'a.

To me zai ce? Jannatu dai 'yarsa ce ta fari, shi ya haife ta, babu babban da bai san haka ba a rugarsu. Amma inda Bilal ya tashi, mutum ba ya buɗe baki ya ce ɗan fari nasa ne, ba ya kiran sunansa, ko kallonsa ba ya yi sosai a gaban jama'a. Mutanen gari ma suna yin wannan alkunya, sai dai tasu ta yi laushi, ta su Bilal kuwa tana nan da ƙarfinta. Ga shi kuma tun da aka yaye yarinyar aka ɗauke ta aka ba yayarsa, Adda Rahama, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, can rugarsu ta gefen Ɗanzomo. Kyauta ce ta har abada. Yarinya ta tashi tana ce wa Adda Inna, tana ce wa mijin Adda, Shehu, Baffa, shi kuwa Bilal tana ce masa Kawu. Ba wanda ya taɓa gaya mata wani abu daban, kuma ba wanda ya yi niyya.

Kawuntakar nan kuwa ta yi wa Bilal daɗi, kada ma ka ji. Uba ba ya wasa da 'yar fari, amma kawu ina ruwansa. Duk sanda ya biyo ta rugar Adda sai ya zo da alewa a aljihu, yarinyar ta haye jikinsa, ta cire masa hula, ta ce kunnuwansa sun yi kama da na ɗan maraƙi. Shi kuma ya ce ita da haƙoranta suka zube ba ta da bakin yi wa kowa tsiya. Sunan ne kawai bai taɓa fita daga bakinsa ba. "Ke 'yar Adda" yake ce mata, ita kuma ta amsa.

Rannan da safe ya biyo zai wuce kasuwa, ya same ta ita kaɗai a gindin aduwa tana tsaron awaki, ƙafarta ta kumbura sumtum. Ƙaya ce ta soke ta tun kwanaki, Adda ta ɗaura mata magani, abin bai ji ba, har ya fara ruwa. Da wani mutum ne, sai ya shiga ruga ya ce a kai yarinya asibiti. Bilal ba shi da wannan bakin. In ya faɗa, abin da Adda za ta ji shi ne, ba ki riƙe mini ita da kyau ba, ko da bai ce "mini" ɗin ba. Sai ya yi dabara irin tasa: zai ɗauke ta shiru, ya kai ta wajen wani mai kemis da ya sani a Maigatari, a wanke, a ba da magani, ya dawo da ita kafin a neme ta. Ya ɗora ta a kan tanki, ya naɗe fuskarsa da rawani kamar yadda kowane mai babur yake yi, suka kama hanya tana ta murna. Can a hanya tsautsayi ya sa ya ambaci allura. Shi ke nan, daga nan har shingen 'yan sintiri ihu take yi, a mayar da ita gida, a mayar da ita wajen Inna.

Ɗan sintirin ya ce to yaya sunanta. Bilal ya ƙi faɗa, yana kallon tayar babur. Aka ce ina iyayenta, ya ce suna gida. Aka ce sun san ka taho da ita, ya ce a'a. Ka ji fa. Ban da tambayar farko, duk gaskiya ya faɗa, kuma kowace gaskiya sai ta ƙara dulmiyar da shi. Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye su. Wata mata ta sunkuya ta tambayi yarinyar wane ne wannan, cikin shessheƙa ta ce Kawu ne. Bilal ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka an gama. Sai wani daga baya ya ce ai yanzu duk haka ake yi, kawu ne ke miƙa ɗan 'yar'uwarsa, ga iyakar ƙasa nan taku kaɗan. Allah ya sa 'yan sanda sun iso da wuri, da ba a san yadda za ta kaya ba.

Ashe kuma can baya wata mai tallar nono ta ga mutum da rufaffiyar fuska ya ɗauki yarinya a babur, ta ruga ta faɗa, Shehu ya riga ya kai rahoto. Da ya iso caji ofis ya ga ƙanin matarsa ne zaune a ƙasa ba hula, maimakon hankalinsa ya kwanta sai ransa ya ɓaci, don yini ya yi yana zaga daji, Adda har suma ta yi. Ɗan sanda ya tambaye shi ko 'yarsa ce, ya ce tasa ce. Ko ya ba wannan mutum izinin ɗaukar ta, ya ce wallahi bai ba shi ba. Aka sake tambayar Bilal ko 'yarsa ce, a gaban Shehu, ya sake cewa a'a. Washegari da Shehu ya huce ya dawo ya ce ya janye, magana ta gida ce. Aka ce masa ai yanzu ba maganarsa ba ce, ta gwamnati ce.

Wannan shi ne abu na farko da ya ɗaure wa Bilal kai. Wanda aka yi wa laifi ya ce ya yafe, amma wata gwamnati da ba ta san yarinyar ba ta ce ita ba ta yafe ba. Na biyu ya same shi a kotun majistare a Gumel. Aka karanta tuhuma da Turanci, tafinta ya juya masa: garkuwa da mutane. Shi Bilal, wanda in aka ambaci masu garkuwa a rediyo yake tofa addu'a. Ya buɗe baki zai yi bayanin ƙaya, aka ce kada ya ce komai, wannan kotu ba ta da hurumin jin maganarsa. Ya ce to ke nan zai tafi gida? Aka ce a'a, tana da hurumin ajiye shi. Za a jira shawara daga Dutse. Har motar gidan yari ta tashi yana lissafin wace irin shawara mutumin da bai ga ƙafar ba zai bayar.

A ciki kuwa kowa lauya ne. Wani ya ce ya amsa laifi a rage masa, wani ya ce kada ya kuskura, amsa irin wannan ɗaurin rai-da-rai ne. Wani tsoho ya ce ya yi kamar ba ya jin Hausa. Bilal ya saurari kowa, ya ce wa kowa to, kansa ya ƙara kullewa. Abin da ke cin ransa daban ne: shin an wanke ƙafar? Kuma ba shi da hanyar tambaya. Da Shehu ya zo ziyara, fuska a sanyaye, ya kawo masa fura, Bilal ya tambayi shanu, ya tambayi rijiya, ya tambayi awaki, sannan ya ce, to masu kiwon awakin fa? Shehu ya ce suna takawa, 'yan sanda ma sun kai su asibiti tun ranar. Bilal ya yi hamdala a ransa.

Zafi ya shigo sosai kafin a ce shawara ta iso, an tura shari'ar babbar kotu. A nan ne aka haɗa shi da Barista Asama'u, 'yar Gagarawa Tasha, cikin lauyoyin nan da ke tsaya wa marasa hali kyauta. Mace ce mai saurin magana, ba ta son kwana-kwana, Allah kuma ya haɗa ta da sarkin kwana-kwana. Ta tambaye shi me ya sa bai gaya wa uwar yarinyar ba, ya ce bai dace ba. Me ya sa bai dace ba, ya ce haka dai. Me ya sa ya ƙi faɗin sunanta, ya ce ai kowa ya san sunanta. Ta ce 'ya'yansa nawa, ya ƙirga ƙananan biyu ya tsaya. Ta rufe jakarta ta ce masa, Malam Bilal, ko dai kai ne marar laifin da ya fi kowa kama da mai laifi, ko kuma ni ce ban iya aiki ba.

Ba ta haƙura ba, ta hau mota har ruga. Adda ta karɓe ta da nono mai sanyi, ta amsa komai, sai da aka zo kan inda aka haifi yarinyar ta tashi wai za ta duba tukunya, ba ta dawo ba. Lauratu, matar Bilal, wadda ita ta haifa, tana wurin, amma ko ɗaga ido ba ta yi ba. Ardon rugar ne ya raka Barista bakin hanya, ya ga dai in ba a faɗa ba mutum zai ruɓe a ɗaure, ya gaya mata cewa Bilal ne uban yarinyar.

Ta dawo gidan yari tana huci, rabi faɗa rabi dariya. Ta ce tun farko maganinsa na cikin bakinsa yana kwana a kan siminti. Ta zauna ta warware masa a hankali. Kawun da ya ɗauki yarinya ba da sanin iyayenta ba, ya nufi iyaka da ita, ya kasa faɗin sunanta, wannan shari'a ce mai nauyi, kuma dangi su zo su ce sun yafe ba ya goge ta, don lauyan gwamnati zai ce rufa wa nasu asiri suke yi. Amma uban da ya ɗauki 'yarsa zai kai ta magani, babu kotun da ta raba shi da ita, wannan ba garkuwa ba ce. Sai dai fa dole shi da bakinsa ya faɗa a gaban alƙali, tunda shi da bakinsa ya ce a'a. Ardo zai ba da shaida, Adda ma dole ta bayar, amma in mai 'ya yana musun 'yarsa, shaidar wa za ta yi aiki?

Bilal ya yi tsuru-tsuru. Ya ce ba zai yiwu ya ce 'yar gidansu ce ba? Ta ce a'a. Ya ce to ya ce jininsu ɗaya? Ta ce kawu ma jininsu ɗaya. Ya ce in alƙali ya tambaya, shi ya yi shiru, ai mai hankali zai gane. Ta ce ita ma 'yar fari ce, har yau babanta "waccan" yake ce mata, ta san abin da yake ji, amma kotu ba ta rubuta shiru.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ita za ta ji?"

Barista ta ce yarinyar shaidar gwamnati ce, za a kawo ta. Za ta roƙa a fitar da ita kafin ya yi magana, iyakar abin da za ta iya ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya Bilal bai san inda zai sa kansa ba. Tun yana yaro aka koya masa shiru shi ne mutunci, yanzu an ce shirun ƙarya ne. An koya masa abin da ka bayar ba ka waiwayarsa, yanzu an ce sai ya tsaya a gaban baƙi ya ce nasa ne, a sa Adda ta ce ba nata ba ne, sannan zai zama mutumin kirki. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, bai ga inda laifinsa ya fara ba, bai kuma ga inda ya ƙare ba. Wani lokaci har ya yanke cewa gara ya zauna, ai mutane na zama. Sai ya tuna ƙananan biyu da Lauratu da shanu ba mai kora, sai shawarar ta warware.

Ana saura kwana kaɗan a shiga kotu Adda ta zo da kanta, ita da ba ta taɓa taka Gumel ba sai asibiti. Ta rame. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar a bakin rijiya suka haɗu. Da lokaci ya kusa ƙarewa ta dubi bango ta ce, "Bilalu, damina ta kusa. Ka faɗa musu abin da suke son ji."

"Adda, abin da aka riga aka bayar..."

"Ni aka ba. Ni kuma na ce ka faɗa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Tausayinta ya kama shi, don ya san a duniya ba ta da komai sai wannan kalma ta Inna.

Ranar shari'a aka fara da yarinyar. Ta shigo da sabuwar atamfa, tana taka ƙafar nan garau, Bilal ya saci kallo ya gode wa Allah. Tana hango shi a akwatin masu laifi ta washe baki ta ce, "Kawu, ina hularka?" Kotu ta yi dariya har da alƙali. Aka yi mata tambayoyi a hankali, ta ce Kawu ya ɗauke ta a gindin aduwa, ta ce ta yi kuka, ta ce Inna ba ta sani ba. Lauyan gwamnati ya zauna, bai nemi ƙari ba. Barista ta roƙa a fitar da ita, alƙali ya amince, wata 'yar sanda ta ja hannunta zuwa baranda. Zafi ake yi, babu wuta, duk tagogin kotun a buɗe suke.

Aka sa Bilal ya yi alkawarin faɗin gaskiya. Barista ta tsaya kusa da shi ta tambaye shi mene ne tsakaninsa da yarinyar da ta fita yanzu. Ya dubi ƙasa. Ya dubi benci, ga Ardo, ga Shehu, ga Adda ta dunƙule, ga Lauratu a can ƙarshe. Duk mutanen da bai kamata su ji ba su ne a zaune. Ya motsa baki ya ce wani abu da shi kansa bai ji ba.

Alƙali ya ce ya ɗaga murya, kotu ba ta ji.

"'Yata ce."

"Kai ka haife ta?"

"Ni na haife ta, ranka ya daɗe."

"Yaya sunanta?"

Tun ranar da liman ya raɗa sunan nan yake ɗauke da shi bai taɓa sauke shi a harshe ba, har yana tsoron kada ya fito a karkace. Ya ce, "Jannatu." Alƙali ya ce a maimaita don marubuci, ya maimaita da ƙarfi. Kunya ta rufe shi kamar an tuɓe masa riga a kasuwa.

Lauyan gwamnati ya taso ya ce, ke nan ƙarya ya yi wa 'yan sintiri da 'yan sanda? Bilal ya ce haka ne. To me zai sa a yarda da shi yanzu? Bilal ya yi tunani da gaske, ya ce shi ma bai sani ba. Aka kira Ardo ya yi bayani tun daga suna har yaye. Aka kira Adda. Ba ta ɓata wa kowa lokaci ba, ta ce ita ta raine ta amma ba ita ta haife ta ba, ba ta taɓa haihuwa ba, ta koma ta zauna. Lauyan gwamnati ya nemi a ɗan dakata, ya fita da waya a kunne, ya daɗe, ya dawo ya yi wa alƙali magana da Turanci. Bilal na jiran a ce a koma jiran wata shawarar, sai tafinta ya ce masa an sallame shi, ya tafi gida. Ya tsaya dai a akwatin har sai da Barista ta ce masa ya fito mana.

A baranda jama'a suka yo kansa, ana barka, ana Allah ya kiyaye gaba. Shehu ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Barista na gaya masa wani abu game da babur ɗinsa da ke caji ofis, bai fahimci ko ɗaya ba. Idonsa na kan yarinyar. Tana tsaye a jikin tagar kotu, daidai inda 'yar sandan ta ajiye ta, ba ta rugo ba, ba ta yi dariya ba. Adda ta matsa ta miƙa mata hannu ta ce ta zo su tafi. Yarinyar ta dubi hannun ba ta kama ba. Ta dubi Lauratu, wadda ta yi saurin juya baya. Sannan ta tako a hankali har gaban Bilal, ta buɗe baki za ta kira shi, ta rasa da me za ta kira shi.

"Yanzu gidan wa zan koma?" in ji ta.

Amsa na bakinsa, hannunsa ma har ya fara tasowa zai dafa kanta. Sai ya ga Ardo na tsaye, Shehu na tsaye, rabin ruga na kallo, shi kuma ya riga ya faɗa da bakinsa cewa shi ne uba, kawuntaka ta ƙare. Ya sauke hannun, ya kawar da kai gefe kamar ba da shi take ba.